Iyafis ɗin da ake zubawa da awon kunnenka: me kake saye da wannan uban kuɗin?

Tun da bidiyon manyan mawaƙa ya cika wayoyi, yaranmu na Zango masu waƙa da masu kiɗa suka sa ido a kan wani ɗan abu da ke maƙale a kunnen mawaƙi in yana kan dandamali, wayarsa ta zagaya ta bayan kunne ta gangara cikin riga. Wasu sun ɗauka gayu ne kawai, wasu suna cewa ai baiti ake karanto masa daga baya. In-iya monita ke nan, a rubuce za ka ga IEM, kuma aikinsa shi ne mawaƙi ya ji muryarsa da makaɗansa sarai. Akwai na gama-gari mai 'yar roba a baki wanda kowa zai iya sawa, akwai kuma wanda ake zubawa daidai da ramin kunnen mutum ɗaya, ba kunnen da zai shiga sai nasa. Wannan na biyun ne tambaya ta yi yawa a kansa a nan Kumasi, musamman wajen masu bege da masu waƙar biki da suka fara samun ɗan rufin asiri, kuma yawanci tambayar ɗaya ce, wai mai sifika nawa a ciki zan saya. Ni kuwa a ganina wannan ce tambayar ƙarshe da ya kamata a yi.

Ka tsaya wajen awure ko Maulidi a unguwar Aboabo ko Asawase da daddare ka lura da mai riƙe da makirfo. An jera manyan sifiku a kan benci suna kallon jama'a, shi yana bayansu ko a gefe, abin da ke isa kunnensa amsa-kuwwa ce da ta bugi katangar gidan da ke tsallaken titi ta dawo a makare, ga masu bandiri ko ganga a ƙeyarsa, ga janareta. Sai ka ga ya sa tafin hannu ya rufe kunne ɗaya, jijiyar wuya ta miƙe, yana yi wa yaron da ke kan miksa alama da yatsa a ƙara, a ƙara, yaro ya murɗa har sifika ta yi ƙiii kowa ya daɓe kunne. Kafin asuba murya ta dishe, ya koma gida kunne yana ta shiii har washegari da azahar. Wannan shiii ɗin da muke ɗauka ba komai ba ne, shi ne asalin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro abin nan.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu siririn gashi da ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma a jikin ɗan Adam in suka mutu ba sa sake tsirowa, ba magani ba tiyata. Ma'aunin ƙarfin sauti desibel ne. Hukumar NIOSH ta Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk desibel 3 da aka ƙara sai lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in an kai 100 minti 15 ne kacal. Kusa da sifikun biki da ganguna kuwa kaiwa 100 ba wani abin mamaki ba ne, kuma mutanenmu ba minti 15 suke yi ba, daga bayan isha'i ne har dare ya raba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraron sauti da ƙarfi.

Tarihin na awon kunnen ma daga irin wannan ciwon ya fi shahara. A 1995 wani injiniyan sauti Ba'amurke, Jerry Harvey, yana aiki da ƙungiyar Van Halen, mai gangarsu Alex Van Halen ya kasa jin abokan kiɗansa saboda tsabar ƙarar dandamali, shi ne ya haɗa masa na kunne mai sifika biyu a ciki. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya fito, wanda Logitech ta saye a 2008, shi kuma Harvey ya buɗe JH Audio. Akwai waɗanda suka riga shi gwada abin tun shekarun 1980, irin su Future Sonics, amma daga lokacinsa ne ya bazu. Ka ga mai ganga aka fara ceto, ba mai neman gayu ba.

To me ke cikin ɗan ƙoƙon nan? Sifikun ciki iri biyu ne suka fi yawa. Akwai dainamik, wato irin sifikar da ka sani an ƙanƙanta ta, faifai ne ke motsi yana tura iska, shi ya sa bes ɗinta ke da nauyi da ɗumi. Akwai kuma amacha, 'yar mitsitsiya ce kamar ƙwayar shinkafa, wani siririn ƙarfe ne ke rawa a tsakanin maganaɗisu, asalinta ta na'urar taimaka wa masu matsalar ji ce, kuma kamfanoni biyu ne suka fi ƙera ta, Knowles na Amurka da Sonion na Denmak. Saboda ƙanƙantarta ana iya cusa da yawa a ƙoƙo ɗaya a raba musu aiki, wasu su ɗauki bes, wasu tsakiya inda murya take, wasu sama inda ƙarar kuge da ƙaramin ƙarfe suke. Kamfanin 64 Audio yana da mai guda 18 a kowane kunne. Wasu kuma suna haɗa iri biyun, dainamik ta riƙe ƙasa amacha ta riƙe sama.

A nan ne talla ke cin kuɗin mutane. Yawan sifika ba shi ne daɗin sauti ba wallahi. Abin da yawan ke bayarwa shi ne sarari, wato in an ƙure sauti bai fashe ba, amma yadda aka daidaita su da juna shi ne komai, mai guda 3 da aka daidaita da kyau zai kunyata mai guda 10 da aka cusa barkatai. Etymotic ER4 da ya fito tun 1991 sifika ɗaya tak gare shi, har yau masu aikin sauti suna girmama shi. Mai waƙa da murya ba abin da yake buƙata kamar tsakiya mai tsabta, mai 2 ko 3 ya ishe shi. Mai ganga da mai jita bes su ne za su ɗan amfana da ƙarin na ƙasa.

Abin da kake biya da gaske shi ne toshewa. Ƙoƙon da ya cika ramin kunne dam yana rage hayaniyar waje da wajen desibel 25 ko 26, haka yawancin masu ƙerawa ke rubutawa, duk da cewa ya fi tare siririn sauti a kan rugugin bes wanda har ta ƙashi yake shiga. Ka yi lissafi: dandamali yana 100, ka toshe ya sauko wajen 75, yanzu kana iya sa muryarka a kunne a hankali ka ji ta tas ba tare da ka yi gasa da kowa ba. Riba biyu ke nan, kunne ya huta, maƙogwaro ma ya huta don mutum ba ya ihu in yana jin kansa. Kuma in toshewar ta samu ɓaraka ko da kamar tsinin allura ce, bes ne ke fara gudu, sauti ya zama siriri kamar na rediyon hannu, sai mutum ya ƙara murɗawa, an koma gidan jiya. Na gama-gari ma yana toshewa sosai in ka dace da robar da ta yi maka, musamman ta soso, sai dai gumi da motsin muƙamuƙi suna turo shi waje ana tsakiyar waƙa. Na awo ba ya zamewa, kuma mutum zai yi awanni da shi bai ji nauyi ba. Bambancin rigar kanti da ɗinkin telan da ya auna ka ne, sai dai ita rigar tela ƙaninka zai iya arawa ranar Sallah, wannan kuwa ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ba zai shige shi ba.

Yanzu ga inda abin ke gyaruwa ko ya lalace: ɗaukar awo. Ba a shagunan Adum ake yi ba, ba kuma mai gyaran waya ke yi ba. Aikin masanin ji ne na asibiti, kuma muna da su, akwai sashen gwajin ji a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wato Gee, akwai kuma a Korle Bu a Accra, ban da masu zaman kansu da ke sayar da na'urar ji. Zai fara leƙa kunnen da 'yar fitila, in akwai datti a cushe sai an wanke tukuna, in akwai ciwo ko ruwa na fita ko dodon kunne ya taɓa hujewa sai likita ya duba kafin a yi komai. Sannan ya tura wani ɗan soso mai zare can ciki, har ya wuce lanƙwasa ta biyu ta ramin kunne, nan ne za ka ji tari ya taso maka ko ƙwalla ta cika ido, ba komai, jijiya ce aka taɓa. Sai a ba ka wani ɗan toshi ka cije a tsakanin haƙora don baki ya zauna a buɗe, ya kwaɓa silikon kala biyu ya ɗura da sirinji, sanyi-sanyi yana cika ramin har ya mamaye duk kwarin kunnen na waje, duniya ta yi tsit kamar ka nutse a ruwa, yawu yana zuba ba ka da ikon haɗiyewa da kyau. Minti kaɗan ya daskare, a murɗo shi a hankali ya fito da siffar kunnenka, har 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da kai kanka ba ka taɓa gani ba.

Wannan cizon ba wasa ba ne. In ka buɗe baki ramin kunne yana ɗan faɗaɗa, ka sa ɗan yatsa a kunne ka yi hamma za ka ji. Mawaƙi kuwa baki buɗe yake aiki, in aka ɗauki awo baki rufe, duk lokacin da ya ja dogon baiti toshewa za ta ɓalle. Kuma awon da aka saba ɗauka don na'urar ji ba lallai ya kai zurfin da masu IEM ke so ba, shi ya sa kowane kamfani yake da takardar umarni a shafinsa, ka buga ta ka tafi da ita ka miƙa cikin ladabi. Kafin ka aika, ka ɗauki hoton awon ta kowane gefe ka tura wa kamfanin su ce ya yi, don kumfar iska guda ɗaya ko gajeren baki ya isa a ce ka sake. Sannan don Allah, kayan nan da ake sayarwa a intanet wai ka ɗauki awo da kanka a gida, ka rabu da su. Silikon da ya wuce soso ya manne a dodon kunne tiyata ce ke fitar da shi.

Zurfin yana da wani amfanin kuma. Ka toshe kunnuwanka da yatsu ka yi magana, za ka ji muryarka tana gunji a cikin kai kamar kana cikin randa. Muryar ce ke bi ta ƙashin muƙamuƙi ta shiga ramin kunne ta rasa hanyar fita. In bakin ƙoƙon ya yi zurfi har kusa da inda ƙashi ya fara, gunjin yana raguwa sosai. Mawaƙa da yawa da suka ce sun gwada in-iya ba su so ba, wannan gunjin ne ya kore su.

A can masana'anta yanzu yawanci hoton awon ake ɗauka da na'ura mai auna ta kowane gefe, a gyara a kwamfuta, a buga ƙoƙon da injin 3D. Mafi yawa na akirilik ne, roba mai tauri da sheƙi, mai sauƙin gogewa da gyara amma in ta faɗi a siminti tana iya tsagewa. Akwai masu yi da silikon mai taushi, irin Sensaphonics na Chicago, yana bin motsin kunne kuma ya fi toshewa, sai dai ya fi wuyar sawa kuma yana sauya launi da tsufa.

Batun kuɗi fa? Na awo daga sanannun kamfanoni yana farawa ne daga wajen dala 500, manya suna haura dala 2000. Wannan kuɗin kaya ne kawai. Ka ɗora na asibiti, ka ɗora na DHL ko FedEx don aika awo, ka ɗora na dawowa, sannan kwastan da VAT da sauran harajin da ke biye da shi, duk ana lissafi da dala kai kuma sidi kake samu. Sai ka jira makonni. Kuma abin da ya fi damuna da lamarin namu na nan shi ne nisa. Ba abin mamaki ba ne sabon ƙoƙo ya zo yana ɗan cizo a wani gefe ko yana yoyon iska, shi ya sa kamfanoni ke ba da lokacin gyara kyauta, galibi wajen kwana 30. Wanda ke zaune a Amurka zai jefa a gidan waya ya dawo masa cikin sati biyu, kai kuwa kowane zuwa da dawowa kuɗi ne, kuma in ka ba wani ɗan'uwa ya riƙo maka sai ya tashi zuwa hutu, lokacin gyaran ya ƙare tun kayan suna cikin akwatinsa. Ka tambaye su a rubuce tun kafin ka biya: daga yaushe kwanakin ke fara ƙirguwa, wa ke biyan kuɗin aikawa in za a gyara, kuma za su ajiye hoton awonka ko a'a. Ka kuma sani ba a mayar da shi a karɓi kuɗi, kuma in ka matsu ka ce za ka sayar, sai dai mai saye ya kai a sake masa ƙoƙo, don haka farashin ya faɗi warwas.

Shi ya sa in ƙanina ne ya zo da maganar, cewa zan yi ya fara da na gama-gari. Shure SE215 wajen dala 100 ne, na China irin KZ ba su kai ko rabin rabin haka ba, ya sa robar soso ya yi 'yan watanni yana aiki da shi ya ga ko zai iya zama da kunne a toshe. Don akwai wanda ba ya iyawa, musamman a irin waƙarmu da ke tafiya da amshi da guɗa da kirari, mawaƙi yana so ya ji lokacin da uwar biki ta taso da liƙi. In ya toshe sai ya ji kamar an raba shi da taron. Maganin wannan makirfo ne guda a juya shi yana kallon jama'a a ɗan zuba masa a kunne, ko a sayi mai 'yar kafar iska irin wadda 64 Audio ke sawa, wadda ke rage matsin amma tana ɗan rage toshewar. Abin da ba magani ba ne shi ne cire kunne ɗaya, duk da kana ganin manya suna yi a bidiyo. Kunne biyu in sun haɗu ƙwaƙwalwa tana jin sautin ya fi ƙarfi, da ka cire ɗaya sai ka ji ya ragu ka ƙara murɗawa, ɗaya kunnen kuma yana buɗe yana shan ƙarar dandamali, ka cuci duka biyun a dare ɗaya.

Sai kuma abin da ake mantawa, wai me za a zuba a kunnen? In-iya ba ya ƙirƙirar sauti, abin da miksa ta ba shi yake kawowa. Kowane mutum da ke son haɗinsa daban yana buƙatar hanyar fita tasa daga miksa, wadda ake ce wa oks, kuma ƙananan miksocin haya da yawa ɗaya ko biyu gare su. Irin Behringer X32 da manyan coci-coci da wasu masu haya ke da ita ce ke da wadatar wannan. Mai ganga da mai fiyano da ba sa yawo, 'yar ƙaramar amfilifaya ta ɗamara mai waya ta ishe su, ga araha ga rashin matsala. Mai yawo da makirfo shi ke buƙatar mara waya, irin Shure PSM 300 ko Sennheiser, kuma wannan wani kuɗin ne da zai iya kamo na iyafis ɗin. In za ka sayi na hannu da aka shigo da shi, ka duba zangon rediyon da yake aiki a kai, don zangon megahaz 800 kamfanonin waya ne ke kai, MTN ta samu lasisin 4G a nan tun 2015, ƙasa da shi kuma tashoshin talabijin ne, kuma NCA, hukumar sadarwa ta Ghana, ce ke da iko da rabon. Bluetooth kam a cire shi a lissafi, jinkirinsa ya isa ka ji muryarka tana bin bayanka.

Kar a yi wasa da limita, wato abin da ke hana sauti wuce iyaka. A wajenmu da wuta ke ɗaukewa a koma janareta, ko wani ya zare waya ba a kashe layi ba, ko makirfo ya faɗi, wannan ƙarar da ta daki sifika kowa ya zabura, kai a cikin ramin kunnenka za ta fashe, tazarar da ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba daga dodon kunne. Kullum ka sauke maɓallin ƙara zuwa ƙasa kafin ka sa, sannan ka hau a hankali.

Ranar da ya iso, kar ka yi saurin yanke hukunci. Ja na dama ne, shuɗi na hagu, a mafi yawansu. Ana sa baki ne a murɗa shi baya ya zauna, ba a dannawa da ƙarfi. Kwanakin farko za ka ji kunne a cike, wannan ba laifi, amma zafi a wuri ɗaya ko jan fata bayan awa guda alama ce ta a rage wajen. Ka kunna abin da kunnenka ya haddace, karatun da ka saba ji ko kiɗan kalangu mai bes, sai ka yi hamma, ka tauna, ka yi murmushi, ka ɗaga kai sama kamar za ka ja baiti. In bes yana ɓacewa yana dawowa, yoyo yake, ka rubuta wane kunne ne kuma a wane motsi, ka aika musu nan take. In ka ji wani siii a ƙasa-ƙasa ko ba a kunna komai ba, ba lallai laifinsa ba ne, masu amacha suna da saurin ji ƙwarai har suna tona hayaniyar na'urar da aka jona su, sau da yawa 'yar dongul mai kyau ta USB-C, wato 'yar mahaɗar da ake jonawa tsakanin waya da iyafis, tana kashe wannan a waya. Haka zai tona maka waƙar da aka yi ta turawa a WhatsApp har ta ƙwanƙwance, da kuskuren da ka yi a situdiyo wanda da ba ka ji. Kuma ban da sawa a titi. Mutum ya rage desibel 25 daga duniya sannan ya ce zai tsallaka a kasuwar Kejetia tsakanin motocin trotro da kekunan pragya, wannan ganganci ne.

Kulawa ba ta da wuya amma kullum ce. Maƙiyansa dattin kunne da laima, kuma Kumasi ba ta rasa laima ba, ga gumin dandamali. Bayan kowane aiki ka goge da busasshen ƙyalle, ka sa 'yar wayar da ke zuwa da shi ka zaƙulo dattin da ke bakin ramukan, baki yana kallon ƙasa don kar ya faɗa ciki, ka ajiye a akwatinsa tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima. Yawancin wanda ya ce kunne ɗaya ya mutu, datti ne ya toshe ko waya ce ta karye, shi ya sa ka zaɓi mai wayar da ake cirewa, ko mai fil biyu ko mai mahaɗar da ake kira MMCX, ka sayi ta ajiya tun a odar farko don ba za ka same ta a kowane shago ba. Kai ma ka bar sosa kunne da tsinken ashana da gashin kaza da auduga, tura dattin suke yi ciki. Kunne kuma yana sauyawa, in ka yi ƙiba ko ka rame sosai ƙoƙon zai iya daina zama, yaro da bai gama girma ba kuwa asarar kuɗi ce a zuba masa yanzu. Tunda dai za ka je Gee ɗaukar awo, ka ce a yi maka gwajin ji a ranar, ka karɓi takardar sakamakon ka adana, in shekara ta zagayo ka koma a sake a gwada da ta farko.